Tarihin cigiya a ƙasar Ƙonni da Adar: daga sankira zuwa WhatsApp



Da wuya a daɗe ba a turo hoto a wayoyinmu ba, an rubuta a ƙasa: "Cigiya, a taimaka a yaɗa." Sau da yawa wanda ake nema kurma ne, ko bebe, ko mai taɓin hankali, ko mai farfaɗiya, ko tsoho da ruɗewa ta kama. Ɓatan irin waɗannan bayin Allah ya fi tsanani, domin mai lafiya in ya ɓace zai tambayi hanya, su kuwa wani ko sunan garinsu ba ya iya faɗi. Yau za mu waiwayi yadda aka riƙa nemansu tun zamanin kakanni.

A da, cigiya tana da ƙa'ida. Iyalin wanda ya ɓace sukan fara kai magana wurin mai unguwa ko mai gari, shi kuma ya sa sankira ya zaga gari yana shela, ya faɗi kamannin mutum da tufafin jikinsa da gidan da za a kai shi. Ran kasuwa a maimaita, saboda fatake da ƴan ƙauye su tafi da labari. Wanda ya tsinci mutum bai da wahalar tunani, ƙofar mai gari zai nufa, daga can magana ta hau zuwa fadar Sarkin Ƙonni ko ta Sarkin Adar a Illela. In an gan shi kuma, labari ya dawo ta hanyar da ya bi, kowa ya huta.

Su ma naƙasassu suna da nasu tsari. A manyan biranen Hausa irin su Kano, Katsina, Sakkwato da Damagaram an san sarautar Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Baƙon makaho in ya shigo gari, gidan sarkinsu yake sauka, don haka mai neman ɗan'uwansa ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Sai dai mai taɓin hankali bai da irin wannan masauki, tun a wancan zamani shi ne mafi wuyar samu.

Rediyo ta zo ta ƙara wa shela nisa. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, wadda ta koma Muryar Sahel a 1974, kuma tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo a garuruwa da ƙauyuka. Daga 1994 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki, har Anfani ta buɗe reshe a nan Ƙonni, sannan rediyoyin karkara suka biyo baya, ta farko a Bankilare a 1999. Filin sanarwa ya zama sabon sankira: rasuwa, ɗaurin aure, ɓatan dabba, ɓatan mutum. Amfaninsa shi ne mai kai cigiya yana zuwa da ƙafarsa, an san shi, an rubuta ranar. Matsalarsa kuɗi, ga shi kuma kurma ba ya jin ana nemansa.

Salula ta shigo Nijar a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp suka shiga kowane gida. Yanzu hoto yana tashi daga Galmi ya isa Yamai, Legas da Agadas kafin a gama sallar azahar. Wannan ci gaba ne babba. Amma ku lura da abin da ya zube a hanya. Saƙo yana yawo ba kwanan wata, ba sunan unguwa, wani lokaci lambar da aka sa ma a kashe take. Mutum an gan shi tun bara, hotonsa na nan yana zagaye. Idan jama'a suka kira sau biyu aka ce "ai an daɗe da ganinsa", na uku ba za su kira ba, alhali ƙila shi ne na gaskiya.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan aiki doka. A Amurka an fara Amber Alert bayan sace wata yarinya a jihar Texas a 1996, aka biyo da Silver Alert don tsofaffi masu ruɗewa, sannan jihar Florida ta fara Purple Alert a ranar 1 ga Yuli 2022 don manyan mutane masu naƙasa. Faransa ta kafa nata na yaran da aka sace a 2006, inda ake maimaita sanarwa kowane minti 15 har tsawon awa 3. Ginshiƙinsu duka ɗaya ne: hukuma ta tabbatar, a yaɗa da sauri, a janye in an samu mutum. Abin da mai gari da sankira suke yi ke nan, an ƙara masa na'ura.

Mu ma muna da abin dogaro. Nijar ta yi dokar kare naƙasassu a 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a Disamba 2019. Ga ƙungiyoyin naƙasassu, ga Croix-Rouge da ke da sashen haɗa iyalan da suka rabu.

Yanayin yankinmu kuwa ba ya jira. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa Ƙonni, Malbaza da Galmi, hanyar Tawa ta rabu a Tsarnawa, iyakar Najeriya na nan ƴan kilomitoci. Wanda ya hau bayan mota ran Laraba a kasuwar Ƙonni, kafin magariba ya yi nisa. Ga madatsun Mozage da Zango da magudanan ruwan fadama, haɗari ga mai farfaɗiya.

Don haka muna roƙo, duk mai cigiya ya fara sanar da mai unguwa da komisariya ko jandarmomi a ranar, lambar ƴan sanda 17 ce. Ya rubuta kwanan wata, wurin da aka gan shi na ƙarshe, kayan jikinsa, yadda ake magana da shi, da lamba mai shiga. Ya fayyace wace Illela, ta Adar ko ta Najeriya. A haɗa da saƙon murya, a kai wa shugabannin tasha da ƴan kabu-kabu da limamai. Iyaye su ɗinka sunan gari da lambar waya cikin rigar ɗansu. Wanda ya tsinci mutum kada ya ɗauke shi bidiyo yana cikin tsiraici ko ana tsokanarsa, ya ba shi ruwa ya kai shi wurin hukuma. In Allah ya sa an gan shi, a dawo duk inda aka tura a rubuta "an gan shi" tare da kwanan wata.

Allah ya bayyana waɗanda ake nema, ya tsare mana na gida. Amin.