Yaron da wuyansa ya ƙi tsayawa: abin da ya kamata mu sani game da shanyewar jiki daga ƙwaƙwalwa

Jama'a masu saurarenmu a Dakoro, Kornaka, Sabon Mashi, Birnin Lalle da kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Abijan, akwai tambayar da ke yawan zo mana ta waya: yaro ya shekara ɗaya bai zauna ba, wuya na langaɓewa, miyau na dalala, mene ne wannan? Sau da yawa amsar ita ce larurar da ma'aikatan lafiya ke kira paralysie cérébrale da Faransanci, a takardun likita kuma za ku ga an rubuta IMC. Wasu na ce mata galahanga, amma wannan suna ana liƙa shi ga larurori daban-daban, shi ya sa muka zaɓi mu ce shanyewar jiki daga ƙwaƙwalwa.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa hannu, ƙafa, wuya da harshe umarni. In sashen da ke wannan aiki ya samu rauni tun yaro na ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin shekaru biyu na farko, umarnin ba ya isa daidai. Raunin sau ɗaya yake faruwa, ba ya ƙaruwa, ba a ɗaukarsa wurin wani. Ba shan inna ba ne: ita shan inna ƙwayar cuta ce da ke barin ƙafa a saki, ta rame, alhali a nan galibi gaɓoɓin sanƙarewa suke yi. Wani likitan tiyata na Ingila, William Little, ya yi bayaninta tun shekarun 1860. A duniya ana ƙiyasta yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1000 na da ita, kuma ta fi yawa a ƙasashe irin namu.

Abubuwan da ke jawo ta

Wasu tun a ciki abin ke farawa, saboda ciwon da uwa ta yi ko yadda ƙwaƙwalwar ta ginu. Bakwaini da tagwaye sun fi shiga hatsari. Amma a ƙasarmu akwai ƙofofi uku da muke son kowa ya riƙe, domin ana iya rufe su.

Ta farko doguwar naƙuda. In jariri ya daɗe a hanya, iskar da ke isa ƙwaƙwalwarsa na raguwa, sai a haife shi bai yi kuka ba, jiki a sake. Mun san yadda ake yi: haihuwar fari ce, yarinya na kunya, maigida ya tafi ci-rani, ana jiran izini, amalanke kuma sai an nemo. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, ko dare ya raba har gari ya waye, ba ta zaman ɗaki ba ce, a kai ta CSI. Tun shekarun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana aikin fiɗar jariri da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 a matsayin kyauta. Ko da an ce ku sayi wani magani a waje, kuɗin bai kai wahalar rayuwa guda ba.

Ta biyu shawarar jarirai. Wannan ita ce mai wucewa ba a gani, domin mai jego da jaririnta suna cikin ɗaki mai duhu har ranar suna. A fito da shi bakin ƙofa kullum, a duba farin ido da dasashi da hasken rana. In ya yi rawaya tun ranar farko, ko rawayar ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko ya ƙi nono yana kuka mai tsini yana banƙarewa, to ranar nan za a tafi likita. Akwai fitila ta musamman da ake sa jariri ƙarƙashinta. Shanya shi a hantsi ko ba shi jiƙo ba ya maye gurbinta. Kuma a daina sa kafur cikin kayan jariri, yana tayar da shawara mai tsanani ga wasu yara.

Ta uku zazzaɓi mai haɗe da jijjiga: masassarar cizon sauro da ta hau kai, da sanƙarau. Yaro lafiyarsa lau, har ya fara tafiya, ya yi ciwo da damina ya suma, ya farfaɗo ba yadda yake ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga gabashin Yuganda ya gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ke da larurar bayan haihuwa suka same ta, galibi ta irin wannan zazzaɓi. Shi ya sa gidan sauro, maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida da damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, da allurar sanƙarau ba abin wasa ba ne.

Ire-irenta

Mafi yawa, wajen 8 cikin 10, mai sanƙarewa ce. Tana iya kama ɓari guda, ko ƙafafu biyu, ko gaɓoɓi huɗu duka. Akwai mai sa jiki murɗewa da motsin da yaro bai yi niyya ba. Ita ce ke yawan biyo bayan shawara, kuma takan zo da raunin ji. Akwai mai tangaɗi da rawar hannu, ba ta da yawa. Wani yaron kuma ya haɗa biyu.

Alamomi

Uwa ce ke fara ganewa, galibi wajen goyo: ƙafafu sun ƙi buɗewa a baya, ko sun harɗe kamar almakashi, ko yaron na zamewa kamar tsumma. Wata 4 wuya bai tsaya ba, hannu kullum a dunƙule. Wata 9 bai zauna ba. Yana amfani da hannu guda kawai tun bai shekara ba. Wata 18 babu tafiya, ko yana yinta da ƴan yatsun ƙafa. Yana shaƙewa wajen shan nono ko koko. Tamowa ma na jinkirta zama da tafiya, don haka a bar ma'aikacin lafiya ya tantance.

Wata magana da ta dame mu: ana ɗaukar duk yaron da bai iya magana ba ba shi da hankali. Kusan rabin yaran nan hankalinsu daidai yake, bakin ne ya ƙi. Duk abin da ake faɗa a gabansa yana ji, har da cewa wai aljanu ne suka musanya shi. Kuma kusan biyu cikin uku suna tafiya, wasu da ɗan taimako.

Magani

Gaskiya ɗaya ce: babu maganin da ke gyara raunin ƙwaƙwalwa, ba a Yamai ba, ba a Faransa ba. Amma yaro na samun ci gaba sosai in an fara da wuri. Babban maganin shi ne motsa gaɓoɓi. Ma'aikacin da ake ce wa kine yana koya wa uwa yadda za ta miƙe gwiwa da idon sahu a hankali, yadda za ta kwantar da shi rub da ciki yana wasa, yadda za ta zaunar da shi. Aikin kullum ne, a gida, ba da ƙarfi ba. In aka bar yaro kwance a tabarma shekara da shekaru, gaɓoɓin ƙagewa suke yi, a nan ne ake ganin kamar ciwon na ƙaruwa. Kafinta na iya yin ƴar kujera mai jingina da madafa, itace biyu a kafe a tsakar gida kuma sun isa koyon tsayuwa.

Wajen ci, a zaunar da shi tsaye, kai ya ɗan sunkuya gaba, a ba shi koko mai kauri kaɗan-kaɗan. Ɗura a kwance na tura abinci cikin huhu. Kusan ɗaya cikin huɗu na da farfaɗiya. Maganinta, irin su Gardénal, kullum ake sha, ba a tsayar da shi sai da izinin likita. Akwai magungunan sassauta jijiya, da takalman gyara, da tiyata ga waɗanda gaɓoɓinsu suka ƙage. Addu'a kam ba mu hana kowa, amma sakiya da tsaga ciwo kawai suke ƙara wa yaro.

Hanyar ita ce a fara daga CSI, zuwa likitar gundumar Dakoro, su ne za su ba da takardar zuwa Maradi. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010, mai aikin ƙashi da gaɓoɓi.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, in an kira ku an ce yaron gidanku na da wannan larura, kada ku zuba kuɗi ga maganin da ake tallarsa a WhatsApp wai yana tayar da gurgu cikin kwana bakwai. Ku aiko da kuɗin mota zuwa Maradi, na uwa da na mai rakiya, da na kujerar kafinta, da ƴan jikkuna na gyaɗa, mai da madarar da za a ƙara a kokonsa.