Vanessa atalanta: Malam-buɗe-littafin da ke yawaita yayin da danginsa ke raguwa

Vanessa atalanta wani nau'in malam-buɗe-littafi ne mai baƙaƙen fukafukai. Jan ratsi mai ɗan ruwan lemo ya gitta tsakiyar fukafukansa na gaba, wani kuma ya bi gefen na baya, sannan akwai ɗigo-ɗigon fari a can ƙarshen na gaba. Idan ya buɗe su sukan kai faɗin santimita 5 zuwa 7. Da zarar ya rufe su kuwa sai adon ya ɓuya, domin ƙasan fukafukan baya ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, ta yadda zai lafe a jikin ɓawon itace tsuntsu ya wuce bai gan shi ba. Mutanen Ingila suna kiransa red admiral, wato jan hafsan sojan ruwa.

Masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya fara shigar da shi kundin kimiyya a shekarar 1758, ya laƙaba masa sunan Atalanta, wata maharbiya a tatsuniyoyin Girka da ta shahara da gudu. Yana cikin babban dangin da ake kira Nymphalidae, waɗanda ƙafafunsu biyu na gaba suka ƙanƙance, har mai kallo zai rantse ƙafa huɗu gare su maimakon shida.

Mazauninsa ya haɗa kusan dukkan Turai, da arewacin Afirka irin su Maroko da Aljeriya da Tunisiya, da yammacin Asiya. A ɗaya gefen Tekun Atilantika ana samunsa tun daga Kanada, ya ratsa Amurka da Meziko har zuwa Gwatamala da wasu tsibiran Karibiyan. Tsibiran Hawai kuwa baƙo ne a can, daga baya ya isa. Ba ya cikin halittun da suka zauna kudu da Sahara. Wanda ke tsallake hamadar shi ne ɗan'uwansa na kusa, Vanessa cardui, mai launin ƙasa-ƙasa da lemo, wanda masu bincike Gerard Talavera da Roger Vila suka tarar yana hayayyafa a Chadi da Benin da Senegal da Habasha bayan ya baro Turai. Saboda haka mai gona a yankin Sahel zai iya yin kiciɓis da ɗan'uwan, amma da wuya ya ga mai jan ratsin.

Rayuwar wannan halitta galibi ta rataya ne a kan wata ciyawa da kowa ke gudu. Sunanta a kimiyyance Urtica dioica, kuma ganyenta na ɗauke da ƙananan gashi masu sa ƙaiƙayi da raɗaɗi, kamar dai yadda ƙarara ke yi wa wanda ya goge ta. A saman sabon ganyenta macen ke ajiye ƙwai ɗai-ɗai, kore shar, ba a tare ba. Bayan kimanin mako guda tsutsa ta fito, aikinta na farko kuma shi ne gina ɗaki: takan ja gefen ganyen biyu ta ɗinke su da wani zare mai kama da saƙar gizo, ta zauna a ciki tana ci. In ta cinye bangon ɗakin ko ya yi mata kaɗan, sai ta koma wani ganyen ta sake ɗinki. Cikin mako uku zuwa huɗu takan saɓe fata sau da yawa, daga nan ta rataye kanta kai a ƙasa, ta rikiɗe ta zama wani ƙullutu mai ruwan toka da ɗigon zinariya. Mako biyu zuwa uku bayan haka cikakken malam-buɗe-littafi ke fasa shi ya fito. Sanyi yakan tsawaita duk waɗannan matakai, zafi ya gaggauta su.

Babban ba ya da tsani wajen abinci. Yana shan ruwan furanni, amma yana matuƙar son ruɓaɓɓen tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa da suka faɗo suka fara tsami, da ruwan da ke tsatsowa daga raunin itace. Mazan kuma masu kishin fili ne: da la'asar kowane yakan kama wani wuri mai hasken rana, ya fatattaki duk namijin da ya kusanto. A shekarar 2002 masu bincike Robert Srygley da Adrian Thomas na Jami'ar Oxford sun sa shi tashi a cikin wani bututu mai iska da siririn hayaƙi, suka gano cewa tashin nan da ake ɗauka tangaɗi ne kawai dabaru ne iri-iri da yake sauyawa daga bugun fiffike zuwa na gaba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne ƙaurarsa. Daga watan Afrilu zuwa Yuni yakan taso daga ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum ya nausa arewa, har Birtaniya da Suwidin da Finlan, ya hayayyafa a can. A watannin Satumba da Oktoba 'ya'ya da jikoki ne ke juyowa kudu, ba waɗanda suka tafi ba, kuma babu wanda ya nuna musu hanya. Binciken Constantí Stefanescu a yankin Kataloniya na Sifaniya ya nuna cewa masu dawowar sukan sa ƙwai da isowarsu, tsutsotsin su yi ta girma sannu a hankali cikin hunturu, domin a lokacin ne ciyawar ke tohowa a can. Wato dai abinci yake bi, kamar makiyayi mai bin ɗanyar ciyawa.

Zuwansa da yawa a wasu shekaru ya taɓa haifar da camfi. Marubuci Vladimir Nabokov, wanda shi ma masanin waɗannan halittu ne, ya ce a arewacin Rasha an ɗauke shi a matsayin alamar masifa, saboda ya yi ambaliya a 1881, shekarar da aka kashe Sarki Alexander na Biyu, kuma wasu na ganin zanen ƙasan fukafukansa ya yi kama da lambobin shekarar.

A yau ma yawansa na ɗauke da saƙo, sai dai ba na camfi ba ne. A da, sanyin Birtaniya kan kashe kusan duk wanda bai koma kudu ba. Yanzu da hunturu ya yi laushi, ana ganinsa a kudancin Ingila har cikin Disamba da Janairu, wasu ma a can suke ƙare lokacin sanyin. Ƙungiyar Butterfly Conservation tana shirya ƙidaya duk shekara tun 2010, inda talakawa ke tsayawa na minti 15 su lissafa abin da suka gani. A ƙidayar 2023 shi ya zo na ɗaya: an lissafa 248,077, ƙarin kashi 338 cikin ɗari a kan na 2022.

Mai karanta wannan adadi shi kaɗai zai ɗauka komai lafiya. Amma rahoton da ƙungiyar ta fitar kan halin da ake ciki a 2022 ya nuna kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in malam-buɗe-littafi a Birtaniya sun ragu a yawa, ko a faɗin mazauni, ko duka biyun, tun daga shekarun 1970. Abubuwan da ke yi wa Vanessa atalanta rana su ne ke yi wa waɗansu dare. Ciyawar da tsutsarsa ke ci tana bunƙasa a ƙasar da takin zamani ya cika da sinadarin naitirojin, kuma idan ta yi ƙarfi takan danne ƙananan tsirrai da wasu nau'o'in suka dogara a kansu. Shi yana da fiffiken tafiyar ɗaruruwan kilomita idan wuri ya ɓaci. Nau'in da ya saba da tudu ɗaya da tsiro ɗaya ba shi da inda za shi. Kasancewarsa mai ƙayatarwa da son lambunan gidaje ya sa shi ne jama'a ke gani, waɗanda suka ɓace kuwa ba sa barin shaida.

Shekara guda bayan wancan tarihi, ƙidayar 2024 ta zama mafi muni tun da aka fara: matsakaicin abin da mutum ya gani cikin minti 15 ya faɗi daga 12 zuwa 7, kuma shi kansa ya sauka daga matsayi na ɗaya. Ƙungiyar ta ayyana halin gaggawa, ta nemi gwamnati ta hana amfani da magungunan kashe ƙwari na rukunin neonicotinoid kwata-kwata. Tarayyar Turai ta haramta amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018, amma gwamnatocin Birtaniya sun yi ta bai wa manoman gwozar sukari izinin gaggawa shekara bayan shekara. A watan Janairun 2025 gwamnati ta ƙi amincewa da buƙatar a Ingila.