Bikin Sallah a Cikin Gida da Matsayin Ƙananan Yara: Nazari a Kan Iyalan Ƙasar Obi ta Jihar Nasarawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda iyalai masu ƙananan yara suke gudanar da bukukuwan Sallah a cikin gida a Ƙaramar Hukumar Obi ta Jihar Nasarawa. Manufarta ita ce fito da rawar da yara suke takawa a shirye-shiryen bikin da rabon abinci da ziyarce-ziyarce, tare da bayyana yadda lokutan noma da cuɗanyar addinai da tsadar rayuwa suke sauya kamannin bikin. An ɗora nazarin a kan ra'in musayar kyauta. Maƙalar ta gano cewa yara su ne suke ɗaukar Sallah daga wannan gida zuwa wancan, kuma ƙuncin tattalin arziki ya fi taɓa wannan musaya fiye da yadda ya taɓa ibadar ranar.

Muhimman kalmomi: Sallah, iyali, yara, musayar kyauta, Obi.

1.0 Gabatarwa

Musulunci ya tanadi manyan ranakun farin ciki guda biyu a shekara, wato Ƙaramar Sallah, wadda ake yi ranar 1 ga Shawwal bayan kammala azumin Ramadan, da Babbar Sallah, wadda ake yi ranar 10 ga Zulhajji, ita ce kuma ake kira Sallar Layya. Duk wanda ya duba abin da ake faɗa a kan waɗannan ranaku a Arewacin Nijeriya zai tarar hankali ya fi karkata ga filin idi da hawan sarakuna, musamman na Kano da Katsina da Zazzau, alhali mafi yawan sa'o'in ranar Sallah a cikin gida suke ƙarewa, tsakanin madafa da tsakar gida da zaure. A nan ne yaro yake fara sanin mene ne Sallah tun kafin ya iya karanta Fatiha, kuma a nan ne yake koyon wa ake gaisarwa, wa ake kai wa abinci, wa kuma yake da haƙƙi a kan gidansu. Wannan fage na cikin gida shi ne abin da maƙalar ta sa a gaba.

1.1 Ƙasar Obi da Mutanenta

Obi tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 13 na Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mayar da Lafiya babban birninta. Tana kudancin jihar, tana maƙwabtaka da Lafiya da Keana da Awe, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 148,000. Garin Obi tsohuwar masarautar Alago ce, sarkinta yana riƙe da sarautar Osuko, kamar yadda na Keana yake Osana, na Doma kuma Andoma. Ban da Alago, akwai Migili da Tibi da Eggon da Gwandara da Hausawa da Fulani, kuma Musulmi da Kirista suna zaune tare, wani lokaci ma a cikin zuriya ɗaya. Harshen Hausa shi ne ya haɗa waɗannan al'ummu a kasuwa da tasha da wuraren ibada, saboda haka kalmomin bikin, irin su kayan sallah da goron sallah da yawon sallah, suna bakin mutanen da ba Hausa ne harshensu na gado ba. Babbar sana'ar ƙasar noma ce, inda ake samun doya da riɗi da shinkafa da rogo da masara da agushi.

2.0 Bitar Ayyuka da Ra'in Bincike

Ayyukan farko a kan rayuwar gidan Bahaushe sun haɗa da Baba of Karo na Mary Smith (1954), wanda ya kawo tarihin rayuwar wata dattijuwa da bakinta, da Hausa Customs na Ibrahim Madauci da Yahaya Isa da Bello Daura (1968), wanda ya tattara al'adu tun daga haihuwa har zuwa mutuwa. Aikin da ya fi kusa da wannan batu shi ne na Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa matan aure da ke cikin kulle sun dogara da yara wajen aike da talla da isar da saƙo, domin yaro yana shiga inda babba ba ya shiga. Dukkan waɗannan ayyuka a tsakiyar ƙasar Hausa aka yi su, inda kusan kowa Musulmi ne, saboda haka akwai buƙatar a duba abin da ke faruwa a wuri irin Obi.

Ra'in da aka ɗora nazarin a kai shi ne na Marcel Mauss, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Faransa, wanda ya bayyana a 1925 cewa kyauta tana tafe da wajibai uku: bayarwa da karɓa da ramawa. Ma'anar wannan ita ce kwanon abincin da aka aika wa maƙwabci yana ƙulla alaƙa, ƙin karɓarsa yana nuna ɓaraka, rashin mayar da irinsa kuma yana sassauta zumunci. Hanyar da aka bi ita ce nazarin rubutattun ayyuka da hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a Afirka ta Yamma, da kuma gwama kalandar Musulunci da lokutan noma na yankin.

3.0 Matakan Sallah a Cikin Gida

3.1 Shirye-shirye

Sallar yaro tana farawa ne tun ranar da aka yanko masa yadi aka kai wa tela, domin kayan sallah, wato sabon ɗinki da takalmi da hula ko ɗankwali, su ne ma'aunin da yake gane cewa ana ji da shi. A al'ada yara ake fara yi wa ɗinki kafin iyaye, kuma magidanci yakan haƙura da tsohuwar rigarsa matuƙar 'ya'yansa za su fita da sabuwa. A jajibere, wato ranar da ta gabaci Sallah, ake yi wa 'yan mata kitso da lalle, a yi wa maza aski, mata kuma su shiga surfe da niƙa da soye-soye, yara suna kai-komo tsakanin gida da injin niƙa da rijiya.

Shari'a ma ta shigar da yaro cikin lissafin tun daga wannan mataki. Zakkar fidda-kai, wadda wasu suke kira zakkar kono, sa'i ɗaya ce, wato mudun Annabi huɗu na abincin da mutanen gari suka fi ci, kuma magidanci yana fitar wa duk wanda ciyar da shi ya rataya a wuyansa, har da jariri. Hukuncinta yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗaliban zaure suka daɗe suna karantawa. Idan aka auna hatsin a gaban yara, ana ambaton sunan kowa, aka kuma ba su su kai wa mabuƙata, sun sami darasin farko cewa farin cikin gidansu yana da rabon wani a ciki.

3.2 Ranar Idi da Layya

A Ƙaramar Sallah an so a ci wani abu kafin a fita idi, a Babbar Sallah kuwa an so a jinkirta har a dawo, kuma an so a tafi ta wata hanya a dawo ta wata. Yara sukan riƙe waɗannan ladubba ta hanyar gani da kwaikwayo tun kafin su san dalilinsu. Wasa da annashuwa a cikin gida ma suna da tushe, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wasu 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya ƙyale su.

Layya a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan mai iko, rago ya fi falala, ana yankawa bayan liman ya yanka tasa, kuma akwai damar kwana uku. Magidanci yana iya shigar da iyalan da yake ciyarwa cikin ladan dabba ɗaya. Aikin naman yana rarrabuwa bisa jinsi da shekaru: maza suna fiɗa, mata suna wanke kayan ciki da suya, yara maza suna riƙe ƙafafu da ɗebo ruwa, 'yan mata suna taya iyayensu a madafa. Ta haka ranar take zama wurin koyon aiki, kowane yaro yana ganin gurbin da ake sa ran zai cike idan ya girma.

3.3 Rabon Abinci da Yawon Sallah

Wannan shi ne matakin da yaro yake zama jigo. Da zarar an sauke abinci, uwargida takan jera kwanuka, na kakanni da na surukai da na maƙwabta da na malamin allo, yara kuma su ne masu kaiwa. Ana koya wa ɗan aike ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce wa tsohuwa "Barka da Sallah, Kaka, in ji Inna a kawo miki", sannan ya jira amsa. Kwanon bai cika dawowa wayam ba, domin akan zuba wani abincin a ciki ko a ba yaron goron sallah, wato 'yar kyautar kuɗi ko alewa. A nan wajibai ukun da Mauss ya ambata suke cika a hannun yaro ɗaya cikin sa'a guda.

Akwai bambanci tsakanin wannan da abin da Schildkrout ta gani a Kano. A karkarar Obi mata da yawa suna fita gona da kasuwa, saboda haka ba kulle ne kaɗai yake sa a aiki yaro ba. Ana aikensa ne domin ya san dangi su ma su san shi, bisa fahimtar Hausawa cewa zumunci a ƙafa yake. Yawon sallah, wato zagayen da yara suke yi rukuni-rukuni zuwa gidajen 'yan'uwa a ranakun bikin, shi yake ƙarasa wannan aiki.

4.0 Abubuwan da Suke Sauya Kamannin Bikin

4.1 Lokutan Noma

Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah tana zagaya damina da kaka da rani cikin shekaru kusan 33. A 2007 Babbar Sallah ta faɗo a watan Disamba, lokacin da doya take rumbu, an kuma sayar da riɗi. A 2023 ta zo ranar 28 ga Yuni, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, wato tsakiyar aikin gona, sa'ad da tsohuwar doya ta ja baya, sabuwa ba ta wadata ba, kuɗin manomi kuma yana tafiya ga taki da maganin feshi da 'yan ƙodago. A irin wannan lokaci rago da ɗinkin yara suna takara da amfanin shekara mai zuwa, kuma nan ne gargaɗin nan na cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi yake da nauyi a gidan manomi.

4.2 Cuɗanyar Addinai

Kirsimeti ba ta motsawa daga 25 ga Disamba, saboda haka kullum a cikin wadatar kaka take zuwa. A unguwannin da Musulmi da Kirista suke maƙwabtaka, kwanon Sallah yana tsallaka iyakar addini, ramuwarsa kuma takan zo bayan watanni, a ranar Kirsimeti. Yaron da ya girma yana kai nama gidan maƙwabci Kirista, ya kuma karɓi shinkafa daga can, ya san wancan gida da sunayen mutanensa. Wannan yana da muhimmanci a yankin da ya ɗanɗani rikicin manoma da makiyaya, musamman a 2018, lokacin da dubban mutane suka bar gidajensu a kudancin jihar. Inda tsoro ya shiga, abin da iyaye suke fara taƙaitawa shi ne nisan da yaro zai yi da gida.

4.3 Annoba da Tsadar Rayuwa

A 2020 annobar korona ta sa an rufe makarantu tun watan Maris, an soke hawan Sallah a Kano, Shugaba Muhammadu Buhari ma ya yi sallar idin 24 ga Mayu a gida tare da iyalinsa. Wannan shekara ta nuna cewa ana iya dakatar da taron fili, bikin cikin gida kuma ya ci gaba. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zo da matsi na daban, inda hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a 2024. Sallar idi ba ta buƙatar kuɗi, layya kuma ba ta hau kan marar iko ba, saboda haka gefen da matsin yake ci shi ne yawan kwanukan da ake fitarwa da goron sallar yara da kuɗin motar ziyara.

5.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, yaro ma'aikaci ne a bikin Sallah, kuma ta hannunsa musayar kyauta take cika. Na biyu, armashin bikin a ƙasar noma irin Obi yana bin lokacin da Sallah ta faɗo a cikin shekarar manomi. Na uku, a wurin da addinai suka cuɗanya, aiken yara yana cikin hanyoyin da suke riƙe da maƙwabtaka, kuma shi ne ya fi saurin raunana idan talauci ko tsoro suka shigo.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi Sallah tun daga ɗinki da zakkar fidda-kai har zuwa rabon abinci da ziyara, ta kuma nuna cewa ƙimar bikin ga yaro tana cikin aikin da aka ba shi da mutanen da aka haɗa shi da su. Saboda haka ya kamata iyaye, idan hali ya matsa, su rage tsadar tufafi da yawan abinci, su bar aike da ziyara yadda suke, tare da haɗa ƙananan yara da manyansu domin kiyaye lafiyarsu a hanya. Haka kuma ya dace masu nazarin harshe da al'adu a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi su shiga gidajen Alago da Migili da Tibi da Hausawa na yankin, su tattara bayanai daga bakin iyaye mata, domin su ne suke tsara kwanukan Sallah da inda kowanne zai je.