Salman Toor: Mai Zanen Lahore da Ya Rayu Tsakanin Zargi Biyu

Birnin Lahore na ƙasar Pakistan tsohuwar cibiyar zane ce. Tun zamanin daular Mughal masu zanen fada suke ƙawata littattafai da hotunan sarakuna da farauta da lambuna. A wannan birni aka haifi Salman Toor a shekarar 1983, lokacin mulkin soja na Janar Zia-ul-Haq. Ya yi karatu a Kwalejin Aitchison, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1886 domin ƴaƴan sarakuna da masu hannu da shuni. Makaranta ce da ake ji da wasan kurket da hawan doki, shi kuwa ɗakin zane ya zama mafakarsa.

A 2002 ya tafi Amurka neman ilimi, shekara guda bayan harin 11 ga Satumba, a lokacin da fasfon Pakistan da sunan Musulmi kaɗai kan sa a ware matafiyi gefe a filin jirgin sama. Ya kammala digirin farko a Jami'ar Ohio Wesleyan a 2006, na biyu kuma a Cibiyar Pratt da ke Brooklyn a 2009. Shekaru ya kwashe yana kwaikwayon hannun tsofaffin gwanayen Turai irin su Rubens da Van Dyck da Watteau, har ya naƙalci yadda suke sarrafa fenti da haske. To amma a irin waɗancan zane-zane, idan mai duhun fata ya bayyana, galibi bara ne da ke tsaye a gefen ubangidansa.

Daga baya sai ya canza hanya. Ya koma zana ƙananan hotuna daga abin da ya tuna da abin da ya ƙiyasta a zuci, ya ɗauko samari masu duhun fata ƴan asalin kudancin Asiya ya ajiye su a tsakiyar allo. Toor bai ɓoye cewa shi mai sha'awar maza ne ba, kuma rayuwar irinsa yake zanawa. A Pakistan sashe na 377 na dokar hukunta laifuka, wanda aka gada daga dokar mulkin mallaka ta 1860, ya haramta wannan mu'amala, matsayin malaman Musulunci a kanta kuma sananne ne. Ke nan a gida ana zarginsa saboda halinsa, a Amurka kuma saboda sunansa da launinsa. Gaba kura, baya siyaki.

Wannan tsaka mai wuya ita ce jigon aikinsa. A zanen da ya kira "Car Boys" na 2019, ƴan sanda ne suka tsare samari biyu da motarsu cikin dare. A wasu zanukan kuma, matafiyi ne tsaye gaban teburin bincike, an baje ƴan kayansa: man shafawa, wayar caji, takalmi. Ba a dake shi ba, ba a zage shi ba, amma sunkuyar da kansa ta isa shaida. A gefe guda akwai "Four Friends", inda abokai huɗu suke cikin ƙaramin ɗaki, biyu suna rawa, biyu suna kallon waya. Yawancin irin waɗannan hotuna ya rina su da kore mai duhu, launin da ya zama tambarinsa, wanda ke sa ɗakin ya yi kama da wurin ɓuya da ba a san tsawon kwanansa ba.

Sunansa ya fito sarai a Nuwamban 2020, lokacin da gidan adana zane na Whitney da ke New York ya baje hotunansa 15, bayan annobar korona ta jinkirta bikin. Wata guda bayan haka aka sayar da wani zanensa dala 822,000 a gwanjon kamfanin Christie's. A 2021 ya yi zanen littafin "Jungle Nama" na marubucin Indiya Amitav Ghosh, a 2022 gidan zane na Baltimore ya shirya masa baje koli, a 2024 kuma ya shiga babban bikin zane na birnin Venice a Italiya.

Mai karatu na iya ƙin yarda da rayuwar Toor, mutane da yawa a ƙasarsa ma ba su yarda da ita ba. Sai dai mai nazarin tarihi ba zai iya tsallake aikinsa ba. Wanda zai so sanin yadda ƙarni na 21 ya karɓi baƙo Musulmi a bakin iyaka, da yadda mutum ke zama baƙo har a tsakar gidan mahaifinsa, zai tarar da shaidar a waɗannan ƙananan hotuna masu launin kore.