Fim ɗin da 'yan Beatles suka ƙi zuwa kallo

Ranar 20 ga Mayu 1970 aka fara haska fim ɗin Let It Be a Landan da Liverpool, amma cikin 'yan ƙungiyar kiɗa ta Beatles su huɗu babu wanda ya leƙa. Tun 10 ga Afrilu jaridu suka baza labarin cewa Paul McCartney ya bar ƙungiyar, don haka masoya suka shiga sinima kamar masu zuwa ta'aziyya.

Asalin aikin ba na bankwana ba ne. John Lennon, Paul, George Harrison da Ringo Starr sun daina yawon wasa tun Agustan 1966, manajansu Brian Epstein kuma ya rasu a 1967, aka rasa mai tsawatarwa. Paul ya matsa a koma kiɗa irin na da: a tsara sababbin waƙoƙi a gaban kyamara, a rufe da gagarumin wasa. Aka ɗauko Michael Lindsay-Hogg ya ba da umarni.

Ranar 2 ga Janairu 1969 suka fara atisaye a ɗakin shirya fim na Twickenham, wani makeken zaure mai sanyi. Mutanen da suka saba aikin dare aka ce su riƙa zuwa da safe. Wurin wasan ma ya zama abin ja-in-ja, har da shawarar a tafi tsohon dandalin Rumawa na Sabratha a Libiya. Ranar 10 ga wata George ya yi fushi ya yi tafiyarsa. Bai dawo ba sai da aka yarda a bar Twickenham, a kuma ajiye maganar babban wasan. Suka koma ginin kamfaninsu na Apple a titin Savile Row, George ya jawo makaɗin fiyano Billy Preston, zaman ya fara daɗi.

Ranar 30 ga Janairu suka hau rufin ginin da rana. Saboda sanyi John ya ari rigar gashi ta budurwarsa Yoko Ono, Ringo ya saka jar rigar ruwa ta matarsa, aka naɗe makirfo da safar mata don iska. Minti 42 suka yi suna kiɗa, ma'aikatan ofisoshi na ɗaga kai daga titi, har 'yan sanda suka hau saboda ƙorafin maƙwabta. Daga ranar ba su sake wasa tare a bainar jama'a ba.

Fim ɗin ya yi fiye da shekara kafin ya fito, har sun riga sun saki faifan Abbey Road. Daga hotunan kusan awa 60 aka tsamo minti 80 kacal, babu mai ba da labari, babu hira, babu kwanan wata. An ɗauka a zare mai milimita 16 aka faɗaɗa shi zuwa 35, hoton ya fito dishi-dishi. Ficewar George, abu mafi girma da ya faru a watan, an yanke ta gaba ɗaya, amma an bar wurin da yake gaya wa Paul cikin gajiya cewa zai kaɗa duk abin da yake so, in ma ba ya so ya kaɗa, sai ya bari. Mai neman gaskiyar rikicin bai same ta ba, mai neman nishaɗi ya fito da ɓacin rai. Kiɗan fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1971, Quincy Jones ne ya karɓar musu. Bayan kaset ɗin farkon shekarun 1980, fim ɗin ya ɓace daga kasuwa kusan shekara 40.

A Nuwamban 2021 darakta Peter Jackson ya fitar da wani fim ɗin, Get Back, a Disney+, kusan awa 8, daga waɗannan hotunan dai. Sai ga raha da zolaya, ga Paul yana lalubo waƙar Get Back a kan gitarsa, George na hamma a gefe. Ficewar George ma ta fito fili. Sai dai a tuna, Paul da Ringo da matan John da George suna cikin masu shirya wannan na biyu, shi ma zaɓe aka yi. A Mayun 2024 aka gyara Let It Be aka sake sakinsa, yanzu mai son sanin abin da ya faru a Janairun 1969 yana iya kallon duka biyun ya yanke wa kansa hukunci.