3.2 Fim Ɗin Gida Mai Fatalwa da Mai Kallo a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Wannan fasali zai dubi dalilin da ya sa fim ɗin gida mai fatalwa bai cika razana Bahaushe ba. Misalin da aka ɗauka shi ne The Haunting, wanda Jan de Bont ya shirya a Amurka a shekarar 1999. Maimaici ne na fim ɗin Robert Wise na 1963, kuma dukkansu sun samo asali daga littafin Shirley Jackson na 1959. Wise bai nuna fatalwar ba sam, sai bugun ƙofa da motsi cikin duhu. Shi kuwa de Bont ya fito da ita fili ta hanyar dabarun kwamfuta, sai ta koma abin dariya, masu sharhi suka yi masa ca.

To amma ko da an kyautata shirin, akwai wata matsala a nan ƙasar. Tsoron irin wannan fim ya dogara ne a kan ƙaton gidan bene da ya keɓe, inda mutum uku ko huɗu ke kwana ba maƙwabci. A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo kuwa, gida na gandu ne: ga zaure, ga sassan 'ya'ya da jikoki, ga dabbobi a turke. Da wuya a ji motsi da dare a rasa mai shi.

Haka nan fatalwa ba ta kai iska nauyi a tunanin Bahaushe ba. Binciken Tremearne (1914) a kan bori da na Greenberg (1946) a kan Maguzawan ƙasar Kano sun nuna cewa iskoki suna da sunaye da dangi, har da birninsu, wato Jangare. Mazauninsu kuwa shi ne kuka da tsamiya da kufai da tsohuwar rijiya da bakin ruwa, musamman da tsakar rana ko da almuru. Wato abin tsoro yana waje, gida kuwa mafaka ne.

Saboda haka, bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya finafinan Hausa da suka taɓo tsoro sun fi karkata ga boka da maye da aljana mai shigar mutane. A irin waɗannan finafinai, malami ne ke zuwa da addu'a, aljani ya fita, iyali su ci gaba da zama a gidansu.