Tarihin Rediyon Masu Sha'awa da Amfaninsa a Lokacin Bala'i

Gabatarwa

Dattawanmu sun san rediyo a matsayin akwatin jin labarai ta gajeren zango. Amma akwai wani reshe nasa da ba a cika sani ba, wato rediyon masu sha'awa, inda mutum kan nemi lasisin hukuma ya mallaki na'urar aika saƙo da karɓarsa, ba don kasuwanci ba. Kowane mai lasisi yana da lambar kira. Ta Nijeriya kan fara da 5N, ta Nijar kuwa da 5U.

Asalinsa

A shekarar 1912, bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, gwamnatin Amurka ta yi doka wadda ta tsare masu sha'awa a zangon mita 200 zuwa ƙasa, domin a lokacin ana ganin wannan zango ba ya zuwa nesa. Ashe a nan alherin yake. Saƙon gajeren zango yakan hau sama ya bugi wani rufi na iska, sannan ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomitoci, ba tare da waya ko turke ba. A 1923 Léon Deloy na Faransa da Fred Schnell na Amurka suka yi musayar saƙo ta wannan hanya, tekun Atlantika yana tsakaninsu. A 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris. Daga 1933 kuma masu sha'awa na Amurka suka ware rana a kowace shekara, suna fita fili su kafa na'urorinsu da batir ko janareta, domin su saba da aiki inda babu lantarki.

Ranar Gwaji

A watan Disamba na 2004 wata Ba'indiya, Bharathi Prasad, ta jagoranci tawaga zuwa Port Blair a tsibiran Andaman, don kawai su yi magana da takwarorinsu na duniya. Ranar 26 ga watan girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka katse layukan tarho. Nan take tawagar ta juya na'urorinta ga aikin agaji, tana isar da saƙon hukuma da na iyalai zuwa babban yankin Indiya.

Kammalawa

Wayar salula ta dogara ne da turke da lantarki, in suka faɗi ta yi shiru. Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai cewa batir, da igiyar waya da aka rataya a bishiya, da mutumin da ya san aikinsa, sun isa su kai kukan gari inda za a ji shi.